Girkin Fadar Yogyakarta a Bakin Matafiyi

A birnin Yogyakarta na tsibirin Jawa a ƙasar Indonesiya, inda aka kafa masarauta a 1755, matafiyi kan zauna a gidan abinci na Bale Raos da ke cikin harabar kraton, wato fadar sarki, ya ci girkin da a da sarakuna da iyalansu kaɗai ke ci. Akan kawo masa bebek suwar-suwir, wanda naman agwagwa ne da aka yayyanka siriri, tare da bir Jawa, abin sha marar sa maye da ake dafawa da citta, kirfa, kanumfari da itacen secang mai rina ruwa, wanda ake cewa an tanade shi domin sarki Musulmi ya samu abin sha yayin da baƙinsa Turawan Holan ke shan barasa. Sai dai ɗanɗano kawai baƙo ke samu, domin darajar wannan cima tana cikin ladabin abdi dalem, wato hadiman fada, waɗanda har yau suke rakiyar shayin sarki a ƙarƙashin laima, cikin natsuwar da ba a sayenta da kuɗi.