Sarin da na kashe da dutsen guga

A shekarar da na raka mahaifiyata jinya ƙasar Indiya, ranar da likita ya ba ta izinin takawa, kasuwa ta fara nema. Muna Ahmedabad, birni mafi girma a jihar Gujarat. A wani ƙaramin shago ta tsaya gaban wani yadi ja wur, a cukurkuɗe kamar igiyar da aka murɗe. Mai shagon ya kama bakinsa ya ja a hankali, sai zare ya riƙa ɓallewa yana zuba ƙasa, ɗige-ɗige farare da masu ruwan ɗorawa suna bayyana. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ke, ai wannan rinin ɗauri ne, irin na marina." Ta saya mini, ta ce in ajiye sai bikin ƙanwata.

Hajiya ba ta yi kuskure ba. Sunan wannan aiki bandhani, daga kalmar da ke nufin ɗaurewa, kuma dabararsa ɗaya ce da wadda muka sani a marinar Ƙofar Mata: inda aka ɗaure tamau, rini ba ya shiga. Bambancin yana wajen ƙanƙantar ɗaurin. Cibiyoyin sana'ar su ne yankin Kutch da birnin Jamnagar a Gujarat, da kuma jihar Rajasthan, kuma al'ummar Khatri ce ta fi shahara da ita a Kutch. Akan fara zana fasali a jikin yadin. Daga nan mata a cikin gidajensu su riƙa tsinko shi da farce, ko da wani zoben ƙarfe mai tsini, suna naɗe kowane tsinke da zare. Sari mai daraja yakan ɗauki dubban ƙulli, aikin makonni ko watanni. Ana farawa da launi mai haske, a ƙara ɗauri, sannan a tsoma a mai duhu. Da gangan ake sayar da shi a ɗaure, domin mai saye ya tabbatar aikin hannu ne, ba bugun inji ba.

Duk wannan daga baya na sani. Hajiya ba ta ga bikin ba, Allah ya jiƙanta. Ana jibi ɗaurin aure na ciro sarin, na ga ya yi tudu-tudu kamar bayan kada. Ni kuwa 'yar gidan da mutuncin tufa ke wajen bugu da sitati da kari ce. Na jiƙa shi a ruwan ɗumi da garin sabulu, na matse, na shanya a rana, na bi shi da dutsen guga mai zafi. Ja ya zuba ya shiga cikin fararen ɗige-ɗigen. Tudun nan ya kwanta, siliki ya yi wani mataccen ƙyalli. Abin da na ɗauka yamutsewa ce, ashe sawun yatsun matar da ta ɗaura shi ne, kuma shi ne rabin kuɗinsa.

Ga abin da ya kamata in yi. Sabon bandhani masu shago kan kai shi a buɗe da tururi, yadda zai saki ya kai tsawonsa ba tare da ya mutu ba. Na siliki ba a kai shi ga ruwa, sai wurin masu wankin da ba a sa ruwa. Na auduga a wanke shi shi kaɗai, da hannu, a ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, ba jiƙo, ba murɗa, a shanya a inuwa. In guga ta zama dole, a juya baibai, a ɗora farin ƙyalle a kai, a rage zafi. Wajen ajiya a naɗe shi cikin yadin auduga maimakon leda, a riƙa sauya ninkin bayan 'yan watanni don kada zare ya karye a kan kari. Mu ma'abota ƙamshi kuma mu kiyaye: humra da turaren mai suna barin tabo a siliki, don haka a shafa su a jiki kafin a ɗaura.

Ɗaurin ba zai gagari wadda ta iya laffaya ba. Tsawon sari yakan kai mita 5.5, ana sa shi bisa 'yar riga da fatari mai zariya. A soke bakinsa a ƙugu daga dama, a zagaye jiki sau ɗaya, a yi ninki biyar zuwa bakwai a soke su ƙasan cibiya. Ragowar, wadda suke kira pallu, yawancin mata kan jefa ta bisa kafaɗar hagu ta sauka baya. Matan Gujarat kuwa sukan zago da ita ta baya, ta hau kafaɗar dama ta sauko gaba, inda ido zai ga adon sosai. Wannan ɗaurin ya fi rufe ƙirji, kuma da sauƙi a ja shi a lulluɓe kai. Su ma can tufar aure ce: jan gharchola mai zanen murabba'i, dangin ango ne ke ba amarya a matsayin shaidar karɓarta cikin gida.

Na sa nawa ranar bikin, a yadda na mai da shi. Mutane suka yi ta yabawa, domin ba su san kamanninsa na farko ba. Sai bayan an watse, ina ninke shi, na tarar da wani lungu kusa da gefe wanda dutsen guga bai kai ba. Ƙulli uku na nan da zarensu, ba a kwance ba tun daga Gujarat. Na bar su a ɗaure.