Kunne ne Ke Ji ko Ƙwaƙwalwa?

Harshen Ngizim, wanda na buɗi baki da shi a Potiskum, yana da ɓ da ɗ, amma ba shi da ƙ. Saboda haka a wajen yawancinmu bakin da ake cin tuwo da shi da baƙin da ake shimfiɗa wa tabarma duk abu ɗaya ne, tunda karin sautinsu da tsawon wasalinsu ba su bambanta ba. Bakano da Bangizime za su saurari magana ɗaya, wannan ya ce sauti biyu ne, wancan ya rantse ɗaya ne. Ga shi kuwa ba mai ciwon kunne a cikinsu. To, a ina ake yanke hukuncin?

Masana sun bi sawun wannan tambaya, amma ta hanyar ido. A Jami'ar Stanford ta Amurka, William Newsome da abokan aikinsa sun koya wa birai kallon ɗige-ɗige masu motsi a allo, su nuna ɓangaren da akasarinsu suka nufa. A 1989 suka bayyana cewa ƙwayar jijiya guda a sashen ƙwaƙwalwa mai lura da motsi tana iya kai birin kansa iya bambancewa. A 1990 kuma suka ɗan tsokani waɗannan ƙwayoyi da lantarki kaɗan, sai birin ya riƙa karkata ga ɓangaren da suka fi amsawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne na 1996. Ko da ɗige-ɗigen ba su nufi ko'ina ba, idan ƙwayar ta ɗan ƙara bugawa, birin yakan fi zaɓar ɓangarenta, kodayake alaƙar ba ta da ƙarfi. Aka ɗauka jijiyar ce ke jan hukunci. Sai a 2009 Hendrikje Nienborg da Bruce Cumming suka nuna cewa wani kaso na alaƙar daga sama yake gangarowa, wato abin da birin ya fara yarda da shi yana komawa ya taɓa jijiyar.

Ni dai na fi gamsuwa da wannan na ƙarshe, ko da yake ido daban, kunne daban. Bayan shekara uku ina nazarin Hausa, idan ƙanena ya leƙo ya ce "baki sun iso", ƙ nake ji ƙarara, alhali na tabbata maƙogwaronsa bai taɓa furta ta ba.