Ciniki Daban, Riba Daban

Mahaifina ya daɗe yana sayen shinkafa shanshera daga manoman rani na madatsar Bakolori, a Bakura da Maradun, ya kai injin casa, ya sayar a kasuwar Talata Mafara. Lissafinsa a ka yake: idan aljihu ya yi nauyi ranar Talata, an ci riba.

A Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau na koyi ware kuɗin da ba ya canzawa, kamar hayar shago, daga wanda ke ƙaruwa da kowane buhu, kamar casa da dako. Da aka cire tallafin fetur a 2023, na rubuta komai a littafi. Sai na ga muna zuwa Maradun kowane mako mu dawo da rabin mota, kuɗin motar na cinye ribar. Shinkafar Bakura ce ke rufa mana asiri.

Faɗa wa Baba ya fi lissafin wuya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Manoman Maradun fa? Shekara nawa suna ba ni kaya bashi?"

Muka daidaita a kan zuwa sau ɗaya a wata, mu ciko motar. Amanar nan ba ta cikin darasinmu, amma yanzu mun san nawa take ci mana.