Masu Raba Faɗa a Jinin Cibiya

Dashen ɓargo na iya raba mai sikila da ciwonsa, amma yana tafe da haɗari. Ɓargon da aka dasa yakan zo da dakarun garkuwar jikin wanda ya bayar, su kuwa wani lokaci sai su ɗauki sabon masaukinsu tamkar ƙasar abokan gaba, su far wa fata da hanta da hanji. Magungunan da ke danne su kuma sukan bar majiyyaci ba kariya daga cututtuka.

Jiki yana da nasa masu raba faɗa. A 1995 Shimon Sakaguchi, masani ɗan Japan, ya gano wani ƙaramin rukuni na fararen ƙwayoyin jini, daga dangin da ake kira ƙwayoyin T, wanda aikinsa tsawata wa sauran ne idan suka wuce gona da iri. Binciken ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2025 tare da Mary Brunkow da Fred Ramsdell.

Wahalar tana wajen tace su. Alamar da ake gane su da ita, CD25, akwai ta kuma a jikin ƙwayoyin da suka riga suka harzuƙa, don haka a jinin babba mai sulhu da mayaƙi sukan cakuɗe. Jariri kuwa bai sha gwagwarmaya da cututtuka ba, irin waɗannan mayaƙa kaɗan ne a jinin cibiyarsa. Rashin gogewar nan ita ce darajarsa.

Sai dai masu sulhun ba su da yawa, dole a rene su a ɗakin gwaji kusan kwana 18 da sinadarin IL-2 har su hayayyafa. A 2011 Jami'ar Minnesota ta Amurka ta bayyana sakamakon ba da su ga mutum 23 masu sankarar jini da aka yi wa dashe: kashi 43 cikin 100 ne suka gamu da farmakin, maimakon kashi 61 na majiyyatan baya. Gwajin ƙarami ne, ba kuma a kan masu sikila aka yi shi ba.

Duk da haka batun ya shafi Nijeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila. Ɗibar jinin bayan an yanke cibiya ba ta cutar da uwa ko jariri, ba ta kuma hana a binne mabiyiya bisa al'ada. Abin da take bukata shi ne yardar iyaye da ma'ajiya mai tsananin sanyi wadda ba a ɗauke mata wuta.