Gulbin Maraɗi: amanar da ke kwance ƙarƙashin rairayi

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake shigowa Nijar, ya bi ta Madarumfa, ya ratsa gindin birnin Maraɗi, ya wuce Tibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Da damina kaɗai yake gudu. Da rani muka bi gaɓarsa, muka tarar da shi farin rairayi, amalanke na ratsa tsakiyarsa. Amma bai mutu ba: ruwansa yana kwance ƙarƙashin ƙasa, kuma daga nan rijiyoyin fadama da garake suke sha.

Mun fara da tabkin Madarumfa, inda masunta ke kamun kifi, masu ziyara kuma ke zuwa kushewun waliyyai da ake cewa sun kai 99. Wuri ne mai kwantar da rai. Sai dai a ƙauyukan da muka ratsa, abu guda muka riƙa gani: ruwan wanka da na wanki yana fita ta kwata, ya kwanta a titi ya yi baƙi, jinin mahauta da tumbi suna zube bakin kwari. Ruwan sama na farko shi ke kwashe su duka zuwa gulbi. Birnin Maraɗi kansa, tun da ambaliyar 1945 ta sa ya koma kan tudu, duk abin da ya zubar gangara yake yi zuwa fadama.

Ya ku ƴan uwa, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. A shekarar 2018 cutar kwalara ta ɓulla a yankin Madarumfa, ta kama dubban mutane a ƙasar. Mun kuma karanta tun a zaure cewa ruwan da najasa ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ba ya tsarki, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana biyan buƙata a mashaya. Wanda ke sama da gulbi, shi ke riƙe da lafiyar na ƙasa da shi.

To, mene ne magani ga garin da ba shi da kuɗin manyan injuna? Na farko a gida yake. A haƙa ramin tsotse ruwa a bakin makewayi, a cika shi da tsakuwa. A nisanta salga da rijiya da aƙalla mita 30, kada kuma gindin raminta ya kusanci ruwan ƙasa.

Na biyu na gari ne. Ana haƙa tabkuna uku a jere. A na farko, mai zurfi, dauɗa ke kwantawa ta ruɓe. A sauran biyun, marasa zurfi, rana da gansakuka ke kashe ƙwayoyin cuta cikin ƴan makonni, har ruwan ya isa ban ruwan itatuwa. A Rufisk ta Senegal an yi irin wannan da kainuwa tun shekarun 1990. A Faransa kuwa dubban ƙauyuka suna tace ruwansu da tsakuwa da rairayi da ciyawar fadama, kimanin murabba'in mita 2 ga kowane mutum. Rana da rairayi kuwa ba mu rasa su ba.

Abin da irin wannan aiki ya fi buƙata shi ne mai kula. Tabkin da ba a kewaye ba haɗari ne ga yara, wanda ba a yashewa kuma gidan sauro ne. Don haka wajibi ne magajin gari da mai gari da liman da ƙungiyoyin mata su zauna tun kafin a sa diga, su san wa zai yashe, wa zai biya.

Allah ya ba mu ikon riƙe amanar ruwa, amin.