Kafin a Ce "Sabis Ne"



Mu da sana'armu ita ce zaunar da mutane gaban kwamfuta su shiga taron bidiyo, babu tambayar da muka fi ji kamar "Kuna ji na?" Da an yi shiru sai a yanke hukunci: sabis ne. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa sabis lafiyarsa ƙalau, kuma wanda ke kan kujerar ɗalibi ne da aka ba minti 15 ya gamsar da masu ba da tallafin karatu, ko malamar da ke koyar da yara daga nesa, wadda cefanen gidanta ya dogara da wannan darasin. Abin da suke buƙata a wurinmu shi ne mu gano inda ciwon yake. Ai likita ba ya cewa "jiki ne" ya sallami marar lafiya.

Kiran da ake yi cikin burauza, irin na Google Meet ko Jitsi Meet, yana tafiya ne a kan wata fasaha mai suna WebRTC. Google ne ya sake ta ga kowa a 2011, kuma a Janairun 2021 hukumar W3C ta amince da ita a matsayin ƙa'ida. Kafin murya ta bar bakinku ta isa kunnen wani, sai ta wuce ƙofofi uku. Mu kuma ɗaya bayan ɗaya muke duba su, daga ta kusa.

Ƙofar farko tana kan teburinku. Burauza ba ta taɓa makirfo ko kyamara sai da izininku, kuma ba ta ma neman izinin idan adireshin shafin bai fara da https ba. Wanda ya taɓa danna "a'a" sau ɗaya, burauza na iya riƙe masa wannan amsar har sai ya je ya canza. Akwai kuma kwamfutar da ta zaɓi makirfon da ba shi ake magana a ciki ba, da kyamarar da wata manhaja ta riga ta kama. Gwajin mai sauƙi ne: ku yi magana, ku kalli alamar sauti a shafin. Idan ba ta motsi, muryar ba ta ko bar ɗakin ba, a bar sabis ya huta.

Ƙofa ta biyu ita ce haɗuwa. Kamfanonin waya kan tara dubban wayoyi a bayan adireshi ɗaya, kamar babban gida mai haya da lamba ɗaya a ƙofar zaure. Don haka burauza kan tambayi wata saba da ake kira STUN ta gaya mata yadda ake ganin adireshinta daga waje. Idan hanya kai tsaye ta ƙi, sai a koma ga sabar TURN, wadda ke aikin ɗan aike: ta karɓa nan ta miƙa can. Alamar matsala a wannan ƙofar ita ce shafi ya buɗe, sunaye su bayyana, amma babu murya babu hoto. An fi ganin haka a ofisoshi da makarantun da suka toshe wasu hanyoyin intanet ɗinsu. Mukan sauka daga Wi-Fi ɗin wurin mu hau datar waya. Idan kira ya shiga nan take, mun san katangar wurin ce.

Ƙofa ta uku ita ce hanyar kanta, kuma a nan ne ake yawan ruɗuwa. Mutum zai gwada saurin intanet ya ga lamba mai kyau, ya ce to me ya rage? Murya ba ta cin data mai yawa; ta mutum ɗaya ba ta kai kilobit 100 a daƙiƙa ba. Abin da take so shi ne isowa a kan lokaci. Ana yanka ta ƙanana, yawanci guda 50 a kowace daƙiƙa. Idan fim kuke saukewa kuma wani yanki ya ɓace, za a sake aiko shi, ku jira. A hira babu jira, wanda ya makara an wuce shi. Shi ya sa kalmomi ke gutsurewa ko murya ta koma kamar ta inji. Game da jinkiri kuwa, hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada ya wuce milisakan 150 daga baki zuwa kunne. Idan ya haura 400, sai ku ga mutane suna ta cin karo da maganar juna, kowa na cewa "bismillah, ci gaba".

Ga tambayar da ke rage mana rabin aiki: wa ke jin wa? Idan kowa na jin kowa sai mutum ɗaya ne muryarsa ke yankewa, matsalar tana wurinsa. Idan kuna jin su sarai amma su ba sa jin ku da kyau, hanyar fitarku ce ta cushe: a kashe bidiyo, a dakatar da duk wanda ke tura manyan fayiloli a kan wannan layin. Amsa-kuwwa kuma tana da abin dariya, domin wanda ba ya jin ta, galibi daga wurinsa take fitowa. Lasifikarsa ce ke mayar da sauti cikin makirfonsa. Iyafis ya saka, magana ta ƙare.

Ga masu son gani da ido, burauza na da ɗakin gwajinta. A Chrome ku rubuta chrome://webrtc-internals a wurin adireshi, a Firefox kuma about:webrtc. Ku buɗe kafin ku shiga kiran domin ya kama komai tun daga farko. Zai nuna hanyar da aka bi, yawan yankunan da suka ɓace, da tsawon jinkiri, kuma a Chrome ana iya sauke bayanan a tura wa wanda ya fi sani.

Roƙonmu ɗaya ne ga duk mai intabiyu ko jarrabawar baka a gaba: ku gwada tun ana gobe, a wuri ɗaya, da na'ura ɗaya, da burauza ɗaya, kuma a daidai lokacin da za a yi, domin sabis ɗin hantsi ba shi ne na bayan isha'i ba. Ku kira wani ɗan'uwa ku yi hirar minti 5, ku tambaye shi yadda yake jin ku. Ku tanadi layi na biyu da cajin da zai kai ku. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma wanda aka ba rana da lokaci ba shi da zaɓin ƙin tashi, sai shiri.

Wanda ya taɓa cin karo da wata matsalar da ba mu ambata ba, ya faɗa mana yadda ta kasance da yadda aka gano ta, mu ƙaru da juna. Allah Ya ba masu nema sa'a.