Yadda Na Daina Yanka Tamaula

Na san wata za ta ga kan wannan magana ta ce, "Af, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan filin mata da tamaula?" To, ki yi haƙuri ki bi ni har ƙarshe, domin ni ma da haka nake cewa, sai da abin ya shigo mini tsakar gida.

Ni haifaffiyar Gummi ce, aure ya kawo ni Anka. Sa'ad da aka yanko Jihar Zamfara daga Sakkwato, ran 1 ga Oktoba, 1996, ina goyon ɗiyata ta uku. Daga baya jiha ta sami ƙungiyarta ta ƙwallon ƙafa, watau Zamfara United, wadda ke zaune a Gusau, tana wasa a filin tunawa da Sardauna. Ga wadda ba ta sani ba, wasan nan hawa-hawa ne kamar azuzuwan makaranta. Rukunin farko na ƙasa ƙungiyoyi 20 ne. Kowace shekara huɗun da suka zo ƙarshe sai a gangaro da su rukuni na biyu, huɗu kuma daga can su haye. Tamu ta taɓa zama a na farko, tana karawa da manya irin su Kano Pillars da Enyimba.

Duk wannan a bakin autana na ji shi, ba kuwa da son raina ba. Yaron nan tun bai iya ɗaura wando ba yake bin tamaula. Kullum yatsa a fashe, riga a yage, in an aike shi sayen daddawa sai miya ta tsotse bai dawo ba. Na yi faɗa, na yi duka. Ran nan haushi ya kai ni na sa wuƙa na yanka ƙwallon tsummar da ya ɗaɗɗaure da roba. Bai yi kuka ba, ya dai dube ni. Kashegari ya ɗaura wata.

A ƙarshen wasannin 2009 ƙungiyar ta kai bakin faɗuwa. Ranar wasan ƙarshe Malam da auta suka tasa akwatin rediyo gaba a zaure. Can sai na ji ihu, yaro ya shigo a guje har ya yi fatali da ƙwaryar fura, yana cewa, "Inna, mun tsira! Mun ci Kaduna United 9 ba ko ɗaya!" An daɗe ana surutu a kan wannan ci mai yawa haka, amma ni ba alƙaliya ba ce, abin da ya dame ni a ranar furata.

Shekarar da ta biyo baya, watau 2010, babu wadda za ta manta da ita a ƙasarmu. Mazaje na haƙo duwatsun zinariya suna kawowa gida, ana niƙa, mata na dakawa a turmi, ashe akwai gubar dalma a cikin ƙurar. Yara suna rarrafe a kai, suna kai hannu baki. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu, har likitocin MSF suka zo suka zauna suna ba da magani. Ƙanwata da ke aure a ƙasar Bukkuyum ta rasa ɗa ɗan shekara biyu. Allah ya jiƙansu.

Amma duk da haka rami bai daina kiran samari ba, gama talauci ba ya jin gargaɗi. Sa'o'in autana suka riƙa sulalewa daji, wani ya dawo da waya, wani da sabon babur, wani kuwa sai labarinsa. Wata rana ina tankaɗe na ji abokansa a zaure suna zuga shi. Da suka tafi na kira shi, gabana na faɗuwa, na ce, "Auta, kai ma za ka bi su?" Ya ce, "Haba Inna, in ƙura ta cika mini ƙirji da me zan yi gudu? Ni Gusau za ni, ba rami ba." Wallahi, 'yan'uwa, abin da bulalata ta kasa, tamaular da na yanka ita ta yi shi. Daga ranar na shiga tara ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, har na saya masa takalmin ƙwallo.

Sai ga 2011, Zamfara United ta faɗo rukuni na biyu. Yaro ya kwana biyu ba ya cin tuwon kirki. Malam ya zaunar da shi ya ce, "Ka gani ko? Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. In ƙungiyar jiha guda ta iya faɗuwa, ina ga ƙafar yaro ɗaya?" Sa'an nan ya kama hannunsa ya kai shi wurin wani tela abokinsa. Aka yi sharaɗi: safe makaranta, azahar ɗinki, la'asar ƙwallo, wanda duk ya saki ɗaya ya saki duka.

Da ya zama saurayi ya tafi Gusau gwaji. Ranar ban iya haɗiye ko ruwa ba, domin kowa ya san halin da hanyar Anka zuwa Mayanci ta shiga saboda ɓarayin daji. Ya je lafiya, ya dawo lafiya, amma ba a ɗauke shi ba. Shi da kansa ya ce akwai waɗanda suka fi shi. Ya yi baƙin ciki, sa'an nan ya koma kan kekensa. Yau da allura yake ci da matarsa da 'ya'ya biyu, da la'asar kuma ya tara yaran unguwa yana koya musu wasa, wanda bai je makaranta ba kuwa ba ya taɓa ƙwallo.

Ita kuwa Zamfara United, tun daga 2011 ba ta sake komawa rukunin farko ba. Amma faɗuwa ba mutuwa ba ce. Kano Pillars, wadda ta ci kofin ƙasa sau huɗu, ta faɗi a 2022, ta koma a 2023 tare da Katsina United. Wikki Tourists ta Bauci ta faɗi a 2023, ta koma a 2025. Har Barau FC ta Kano, jaririyar da aka kafa a 2024, ta haye a 2025. To, me zai hana tamu? Ina roƙon masu riƙe da ita su kula da haƙƙin yaran da ke zubar da gumi, kuma su riƙa leƙo mu nan yamma, Anka da Gummi da Bukkuyum, gama akwai ƙafafu a ƙauye. Duk ranar da ƙungiyar nan ta ɗaga kai, wani yaro zai ga wata hanya wadda ba ta rami ba, ba kuma ta daji ba.

Ku kuwa 'yan'uwana iyaye, ga shawarata. Kada ku yanka tamaula kamar yadda na yi, kada kuma ku sakar wa yaro ita kaɗai. A haɗa masa da karatu da sana'a tun yana ƙarami, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni dai yanzu in ana wasa ni ke sayen batir.

Allah ya shirya mana zuriya, ya ba ƙasarmu lafiya. Haza wasalam.

Taku, wata uwa daga Anka.